Yadda Ake Lissafa Shekarun Jiki Daga Gwajin Jini, da Abin da Ke Sauke Su

A kowane ƙauye akwai sa'o'in da aka yi wa kaciya rana ɗaya, amma yau ɗaya yana bin garma tun asuba, ɗayan kuma sai an riƙe shi yake hawa babur. Shekarun haihuwarsu ɗaya, jikinsu ne bai tsufa tare ba. A 2018 wata mai bincike a Amurka, Morgan Levine, tare da abokan aikinta, ta fitar da lissafin da ke ƙiyasta wannan bambanci, ana kiransa PhenoAge. Sun ɗauki bayanan Amurkawa kusan dubu goma da aka ɗebi jininsu tsakanin 1988 da 1994, suka bi diddigin waɗanda suka rasu daga baya, suka tace gwaje-gwaje tara da suka fi nuna wanda jikinsa ke gaba da shekarunsa. Da aka jarraba lissafin a kan wasu mutanen, an ga duk shekara ɗaya da ya ɗora wa mutum tana tafe da ƙarin haɗarin mutuwa na kusan kashi 9 cikin ɗari.

Ajali dai na Allah ne, kuma lissafin bai ce ya san ranar kowa ba. Amfaninsa a wajenmu daban ne. A karkarar Kano da Jigawa, idan adadin ya fito da yawa, galibi ba tsufa yake nunawa ba, wata cuta ce mai magani da aka daɗe ana yawo da ita: ƙarancin jini, maleriya, tsargiya, suga, ko ƙodar da magungunan ciwon jiki suka fara ci.

Wanda lissafin bai dace da shi ba

Wanda bai kai shekara 20 ba ya bari, domin da manya aka gina shi, kuma ƙashin mai girma yana ɗaga ɗaya daga cikin gwaje-gwajen. Mai juna biyu da mai jego ma su jira, saboda ciki na sauya albumin (furotin ɗin jini da hanta ke yi) da ALP (sinadarin da ke fitowa daga hanta da ƙashi) da fararen ƙwayoyin jini ba tare da wata cuta ba. Mai sikila kuwa lissafin zai zalunce shi, tunda ƙwayoyin jininsa dama ba girmansu ɗaya ba.

Gwajin da za ka nema

Takarda biyar ce ke ɗauke da abubuwa taran. Gwajin FBC na na'ura zai ba ka huɗu: WBC, wato yawan fararen ƙwayoyin jini, LYM%, kason wani jinsinsu da ake kira limfosait, MCV, matsakaicin girman jajayen ƙwayoyi, da RDW, wanda ke nuna yadda girman nasu ya sha bamban. Gwajin hanta, LFT, zai ba ka albumin da ALP. Gwajin ƙoda, da ake rubutawa E/U/Cr, zai ba ka kiriyatinin, dattin da ƙoda ke tacewa daga jini. Sai sugan azumi, FBS. Na ƙarshe CRP, ma'aunin kumburin da ke cikin jiki.

PCV ɗin da ake yi a ƙaramin asibitin ƙauye ba zai wadatar ba, lamba ɗaya kawai yake bayarwa. Sai ka je inda ke da na'urar ƙirga jini, kamar manyan asibitocin ƙananan hukumomi, ko na Birnin Kudu, ko Rasheed Shekoni a Dutse, ko Murtala da Aminu Kano a birnin Kano. Kafin ka biya kuɗin mota, a tambayo maka abu biyu: ko takardarsu na fitar da RDW, da kuma irin CRP ɗin da suke yi. Akwai na kan faranti wanda amsarsa "akwai" ko "babu" ce, kuma ba ya ganin abin da ke ƙasa da 6 mg/L. Wannan ba ya shiga lissafi. Ka ce hs-CRP kake so, mai fitar da lamba.

Lokacin da ka zaɓa ya fi asibitin da ka zaɓa tasiri. Daga Agusta zuwa Oktoba sauro na kan ganiyarsa, a bazara kuma jiki a bushe yake, jini ya yi kauri, albumin da kiriyatinin su hau. Janairu ko Fabrairu sun fi, muddin murar hunturu ba ta kama ka ba. Ka bar aƙalla mako huɗu bayan zazzaɓi, gudawa, maruru, ciwon haƙori ko rauni. Kwana biyu kafin gwajin ka sassauta aikin ƙarfi, ka kuma haƙura da tsire da kilishi a daren, domin nama mai yawa na ɗaga kiriyatinin. Bayan tuwon dare kada ka ƙara cin komai har awa 8 zuwa 12, ko goro ko shayi, amma ruwa ka sha sosai. Watan azumi ba lokacin wannan gwaji ba ne, saboda sahur da ƙishirwa suna rikita shi. Ka gaya wa ma'aikacin lab duk maganin da kake sha, musamman dexamethasone da prednisolone, waɗanda wasu ke sha don ƙiba: suna ɗaga suga da fararen ƙwayoyi.

Kai da kanka za ka je, kada a ɗebi jini a ƙauye a ba ɗan acaɓa ya kai gari. Ƙwayoyin jini na ci gaba da cin sugan da ke cikin kwalba, kusan kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari duk awa, sai dai in an zuba shi a kwalbar suga mai murfi ruwan toka. Na kwalba mai murfi shunayya kuma idan ya daɗe a zafi ƙwayoyin kan kumbura, MCV ya fito sama da gaskiya. Ƙaramar na'urar suga ta yatsa ma ba ta isa ba, tana iya kaucewa da kashi 15 cikin ɗari, wanda a lissafin nan kusan shekara biyu ne.

Shekarun haihuwa, ga wanda ba shi da takarda

Dattawa da yawa ba su da takardar haihuwa, na katin zaɓe kuma kowa ya san yadda aka cike shi. A nemi manya su danganta haihuwar da abin da aka sani: samun 'yanci 1960, naɗin Sarki Ado Bayero 1963, kisan Sardauna 1966, komawa tuƙin dama 1972, zuwan naira da babban fari 1973, kisan Murtala 1976, rikicin Maitatsine 1980, ƙirƙiro Jigawa 1991. Kuskuren shekara biyar zai motsa amsar da kusan shekara huɗu da rabi, amma tazarar da ke tsakanin shekarun jiki da na haihuwa, wadda ita ce abin dubawa, da kimanin rabin shekara kawai za ta motsa.

Daidaita ma'auni

Nan ne mafi yawan mutane ke ɓata lissafin. Dubi ƙananan haruffan da ke gefen kowace lamba. Albumin a g/L ake so. Idan g/dL aka rubuta, kamar 4.2, ninka sau 10 ya zama 42. Kiriyatinin a µmol/L. Idan mg/dL ne, kamar 0.9, ninka sau 88.4. Suga a mmol/L. Idan mg/dL ne, kamar 94, raba da 18. WBC idan ka ga 5,500, mai da shi 5.5. RDW iri biyu ne a takarda: ɗauki RDW-CV mai alamar kashi cikin ɗari, wanda ke wajen 12 zuwa 15, ka bar RDW-SD da ke wajen 40. CRP kuma a mg/dL ake so, alhali yawancin lab mg/L suke rubutawa, don haka raba da 10.

Lissafin kansa

Ga misalin manomi ɗan shekara 50. Kowace lamba za a ninka ta da nata nauyin.

Waɗanda ake tarawa:
Kiriyatinin 80 sau 0.0095 = 0.760
Suga 5.2 sau 0.1953 = 1.016
MCV 86 sau 0.0268 = 2.305
RDW 13.5 sau 0.3306 = 4.463
ALP 85 sau 0.00188 = 0.160
WBC 5.5 sau 0.0554 = 0.305
Shekaru 50 sau 0.0804 = 4.020
Jimla: 13.029

Waɗanda ake ɗebewa:
Albumin 42 sau 0.0336 = 1.411
Limfosait 35 sau 0.0120 = 0.420
Tsayayyar lamba, ta kowa da kowa: 19.907

CRP ne kaɗai mai ɗan wuya, domin sai an danna masa ln a kalkuletar waya kafin a ninka sau 0.0954. Ga shi a shirye, bisa lambar mg/L da ke takardarka, ba sai ka raba da 10 ba: idan 0.5 ne, ɗebe 0.286; idan 1, ɗebe 0.220; idan 2, ɗebe 0.154; idan 3, ɗebe 0.115; idan 5, ɗebe 0.066; idan 10, babu ƙari babu ragi; idan 20, ƙara 0.066. Na manomin 2 ne, sai a ɗebe 0.154.

Abin ɗebewa gaba ɗaya ya kama 21.892. Cire shi daga 13.029, ya rage −8.863. Ƙara 0.087, ya zama −8.776. Raba da 0.090165, ka samu −97.3. Ƙara 141.5. Amsa 44.2 ke nan: jikinsa na ƙasa da shekarunsa da kusan shida.

Ainihin lissafin na bi ta wani mataki na ƙiyasin haɗarin mutuwa cikin shekara goma, amma idan aka warware shi a takarda, layin ƙarshen nan yake komawa. Abu ɗaya za a kiyaye: wasu shafukan intanet da 0.09165 suke rabawa, wanda zai ba manomin nan 45.7. Duk wanda ka ɗauka, da shi za ka ci gaba a gwajin gaba.

Karanta amsar

Nauyin abubuwan ba ɗaya ba ne. Ƙarin ɗigo ɗaya a RDW, kamar daga 13 zuwa 14, shekara 3.7 ne. Ƙarin 1 mmol/L na suga shekara 2.2. Ƙarin 10 a kiriyatinin shekara ɗaya, haka ƙarin 50 a ALP. CRP sai ya ninka sau goma kafin ya ɗora shekara biyu da rabi. Raguwar albumin da 3 g/L shekara ɗaya ce da 'yan kai.

Ɗauki manomin nan a ƙarshen damina, bayan maleriya ta kwantar da shi, ga tsutsar ciki na shan jininsa. RDW ya koma 17, MCV 76, CRP 20. Amsar za ta tashi zuwa 56. Bai tsufa da shekara goma sha biyu cikin wata shida ba, jini ne ya yi masa ƙaranci. Shi ya sa jimlar ba ta kai lambobin gwajin ɗaya-ɗaya amfani ba. Ka ja layi a ƙarƙashin duk lambar da ta fita daga iyakar da lab ya buga a gefe, ka kai wa likita ita.

Wanda ya fito ƙasa da shekarunsa ma ya rage murna. Yawancin mutanen Afirka ta Yamma na gadon wani tsarin jini da ke sa fararen ƙwayoyinsu su yi ƙasa da na Turawa, kason limfosait kuma ya hau, ba tare da hakan na nufin ƙarin lafiya ba. Wannan kaɗai na iya yi wa mutum kyautar shekara ɗaya ko biyu. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini na rage MCV, lissafin kuma ya ɗauka abin kirki ne. Dattijon da naman jikinsa ya zube kiriyatinin ɗinsa ƙasa yake fitowa ko da ƙodar ta raunana. Tazarar da ba ta wuce shekara uku ba, sama ko ƙasa, ba abin gina magana a kai ba ce. Sama da biyar a kan shekarunka, a nemi dalili.

Sauke shi: fara da RDW

Shi ya fi kowa nauyi, kuma a yankinmu shi ya fi saurin gyaruwa. Idan RDW ya haura 15, MCV na ƙasa da 80, haemoglobin (ma'aunin ƙarancin jini) kuma bai kai 13 ba ga namiji ko 12 ga mace, ƙarancin ƙarfe ne ya fi kusa. Tambayar farko ita ce ta ina jinin ke zuba. A gwada bayan gida saboda tsutsa. Masu noman rani da kamun kifi a Kadawa, Kura, Auyo, da fadamun Haɗeja su gwada fitsari saboda tsargiya, ko da ba su ga jini da ido ba. Mata su faɗa wa likita gaskiyar yawan jinin al'ada. Magidanci, ko matar da ta daina al'ada, idan ƙarfe ya yi musu ƙaranci, dole a binciki ciki da hanji, domin gyambon ciki, basir mai jini, har ma da daji suna iya ɓoyewa a nan.

Maganin tsutsa da aka saba bayarwa albendazole ne, 400 mg sau ɗaya. Na tsargiya praziquantel, 40 mg a kowane kilo na nauyin mutum, bayan an ci abinci, don haka sai an hau sikeli. Ƙwayar ƙarfe, ferrous sulphate 200 mg, ana ci gaba da ita wata uku bayan jinin ya dawo daidai, domin a cika ma'ajiyar jiki. Tana baƙanta bayan gida, wannan ba komai. Abin da ke kashe aikinta shi ne shayi: a raba su da aƙalla awa ɗaya, a haɗa ta da lemo ko goba. Mai sikila kada ya sha ƙarfe sai gwaji ya nuna buƙata. Kuma a watannin farko RDW hawa yake yi kafin ya sauka, saboda sababbin ƙwayoyi masu cikakken girma sun gauraya da tsofaffin ƙanana. Jar ƙwaya kwana 120 take yi, sai tsofaffin sun ƙare lambar ke daidaita.

A tukunya, hanta ko nama ko kifi sau biyu zuwa uku a mako ya fi tulin ganye bayar da ƙarfe, amma wake, gero, zogale, rama da alayyahu suna taimakawa, musamman da tumatir ko lemun tsami. Idan kuma MCV ne ya haura 100, a duba bitamin B12 da folik asid, musamman ga wanda ya daɗe a kan maganin ciwon suga na metformin.

Gidan sauro da gwaji kafin shan maganin maleriya suna cikin wannan babi. Mai artemether da lumefantrine sau shida ake sha cikin kwana uku, da abinci mai maiƙo ko madara. Wanda ya tsaya a na huɗu don ya ji sauƙi, shi ne ke dawowa da jini ƙasa.

Suga

Sugan azumi 7.0 mmol/L ko sama, a gwaji biyu, ciwon suga ne, kuma na asibiti ne. Daga 6.1 zuwa 6.9 bakin ƙofa ne, inda abinci da motsi ke iya mayar da mutum baya. Kwalbar lemo ɗaya ta 35cl na ɗauke da kusan cokalin shayi tara na suga, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya wajen cokali 12 ta yanke wa babba a yini gaba ɗaya. Ƙara na mai shayi, da na koko, da wanda ake zuba wa fura. Tuwon gero ko dawa da ba a surfe shi ƙwarai ba ya fi farar shinkafa, taliya da burodi jinkirin ɗaga suga, sai dai malmala uku malmala uku ce ko ta mece ce. Rage tuwon, ƙara miya da wake. Auna ƙugu daidai cibiya da igiya: ya kamata ya gaza rabin tsayinka.

Manomi a damina ya wuce minti 150 na motsa jiki da ake nema a mako tun ranar Litinin. Matsalar rani ce, lokacin zaman majalisa da hawa babur zuwa masallacin da ke bayan gida, da kuma matan da ba sa fita. Tafiyar minti 30 da sauri kwana biyar a mako ta isa, ko zagayen tsakar gida na minti goma bayan kowane cin abinci.

Ƙoda

Kiriyatinin da ya hau ba a saukar da shi da jiƙo. An daɗe ana kuka da ciwon ƙoda a yankin Haɗeja, kuma abubuwan da ke hannun mutum sanannu ne. Diclofenac, ibuprofen da piroxicam da ake haɗawa a kemis don gajiyar gona suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, sun fi yin ɓarna idan aka sha su cikin ƙishirwa, kuma su ne dai ke huda ciki su jawo ƙarancin jinin da aka ambata. Paracetamol ya fi sauƙi ga ciwon yau da kullum. A gona lokacin zafi, a sha ruwa har fitsari ya yi haske. Maganin gargajiyar da ba a san abin da ke ciki ba, a bar shi. Mai feshi ya rufe jiki da hanci, kada kuma jarkar maganin ƙwari ta koma ta ruwan sha.

Kumburi, albumin da ALP

CRP da ya zauna sama da 10 ba tare da zazzaɓi ba na neman bincike. Tarin da ya kai mako biyu a gwada majina, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Dasashi mai jini, taba, tumbi da hayaƙin itace a rufaffen madafi duk suna riƙe shi sama; a yi girki inda iska ke wucewa, da busasshen itace.

Ƙarancin albumin ba kasafai yake nufin rashin cin nama kaɗai ba. Kumburi, hanta, ko ƙodar da ke yoyon furotin a fitsari sun fi jawo shi. A yi gwajin HBsAg na ciwon hanta, in babu a yi rigakafi, a kuma zubar da gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, domin gubarsu hanta take ci. ALP mai yawa ko dai hanyar matsarmama ce ko ƙashi, likita zai bambance.

Abin da lissafin bai gani ba

Hawan jini ba ya cikin abubuwa taran, alhali shi ke kan gaba wajen shanyewar ɓarin jiki a garuruwanmu. Mutum na iya fitowa da shekarun jiki 40 jininsa na 180. A auna a zaune, bayan hutun minti biyar, a ranaku daban-daban. 140 bisa 90 ko sama na buƙatar likita, maganin kuma ba a ajiye shi don kai ya daina ciwo. Gishirin yini kada ya kai giram 5, wajen cokalin shayi ɗaya, har da na dunƙule da kanwa. Daddawa da tafarnuwa na rage buƙatarsu.

Za ka ji ana cewa rage cin abinci na jinkirta tsufa. An gwada a Amurka a binciken CALERIE, mutum kusan 220 na shekara biyu, inda suka iya rage wajen kashi 12 cikin ɗari, aka kuma ga ɗan sassauci a wasu ma'aunan tsufa. Amma ƙosassu ne masu abinci a wadace. Wanda rumbunsa ke ƙarewa kafin kaka, ko dattijon da ke rama, ƙari yake buƙata: ƙwai, nono, awara, ƙuli-ƙuli. Ƙwayoyin "mayar da tsoho yaro" da ake tallatawa a Facebook kuwa, kuɗinsu ya fi amfani a gwajin suga da awon jini.

Maimaita gwajin

Kada a sake kafin wata huɗu zuwa shida da fara magani. Wanda ba a samu komai a jikinsa ba, sau ɗaya a shekara ya isa. A koma lab ɗin farko, a wata irin na farko, da safe, da lambar rabawa irin ta farko, domin na'urori biyu na iya bambanta a RDW da ɗigo guda, wanda ya kusa shekara huɗu. A ɗauki hoton kowace takarda a waya, domin wadda na'ura ke bugawa takan goge cikin 'yan watanni a zafinmu. Idan kuɗi bai kai na duka biyar ba, a yi FBC, sugan azumi da kiriyatinin, a auna hawan jini, sauran su jira bayan an sayar da amfanin gona.